Jan Ɗigo a Taswira

Ran farko a ajin nazarin laifuka,
a jami'ar Porto, ruwa na tsiyaya a taga,
Farfesa Valadares ya kashe fitila,
ya haska taswirar birni a bango.
Ɗigo-ɗigo ja ko'ina, kamar ƙyanda a jikin yaro.
Ya ce: nan aka fasa mota, nan aka fizge jaka.
Sai ya kai tsinin sandarsa bakin teku,
ya ce: nan abin ya fi kauri.

Na ɗaga ido.
Ƙarƙashin sandar nan layinmu ne,
bayan masana'antar kifin gwangwani,
inda uwata ke shanya riga mai ƙarnin sardin.
Na sunkuya ina ta rubutu
sai ka ce ba ƙofarmu ake nunawa ba.

Ɗigo guda na san sunansa:
Gualter, yayana.
Wayar tagulla ya kwance a layin dogo
makon da aka sallame shi daga jirgin kamun kifi.
Rana dubu ta ɓarawo, in ji mutane,
shi ko ɗaya bai samu ba.
Shekara huɗu alƙali ya yanke masa.
Ni ma huɗu na yi,
tawa da jakar littattafai,
tasa da ƙarar makulli.

Na koyi ƙirga abin da ba ya son a ƙirga shi.
Na koyi cewa laifin da aka haɗiye a gida
ya ninka wanda ya isa teburin ɗan sanda.
Na koyi tambayar shaida
ba tare da na sa masa magana a baki ba,
da yin shiru
har matar da aka daka ta gama neman kalma.

Da muka karɓi takarda muka watse.
Ilídio na tare da 'yan sandan bincike,
yana ɗebo zanen yatsa daga bakin kofi.
Carminda na wani banki a Lisbon
tana bin sawun kuɗi daga asusu zuwa asusu;
ta ce nata ɓarayin da laktaye suke zuwa,
kuma ba ta taɓa ganin ja a unguwarsu ba.
Noémia har yau kofi take dafa wa baƙi,
digirin na kwance ƙasan akwati.

Ni, ƙaramin ofis aka ba ni kusa da gidan yari.
Waɗanda aka sako ake turo mini,
kowa da ledarsa da takardar sallama.
Ina nema musu ɗaki, ina roƙon mai gidan burodi,
ina cike fom, ina buga waya, ana kashewa.
Jiya wani dattijo, Abílio,
mun gama magana ya miƙe,
ya tsaya gaban ƙofa, hannu a baya.
Minti ɗaya. Biyu.
Jira yake a zo a buɗe masa.
Ƙofar kuwa ko sakata ba ta da ita.

Da yamma na tarar da Gualter a bakin ruwa
yana ɗinkin koma, zare a haƙori.
Ya ce: Benedita, ke da kika karanta,
me littafin ya ce ya sa na yi?
Na ce: dalili goma sha biyu ya kawo,
kowanne da sunan wanda ya gano shi.
Ya yi dariya har zaren ya faɗi.
Ya ce: ni dai haya ce ta taru, wata uku,
kuma ina jin kunyar idon Mama.

Muka tako gida, iska na kaɗa mu.
A bakin ƙofa na ja baya da gangan,
na yi kamar ina ɗaure takalmi.
Ya ɗan tsaya.
Sannan ya sa hannu ya tura.